Zama, Dukiya da Tafiya a Ƙauyen Kurmi: Darasi daga Mutanen Waorani

Da yawa cikinmu mun taɓa jin labarin 'yan mishan biyar waɗanda aka kashe da mashi a bakin wani kogi a ƙasar Ekwador cikin shekara ta 1956. Masu-wa'azi su kan ba da labarin, su tsaya daidai wurin da jini ya zuba. Amma mutanen da suka riƙe mashin nan fa, yaya zamansu ya ke? Me su ke ci? Mene ne dukiyarsu? Ta ƙaƙa su ke zuwa daga wannan gida zuwa wancan? Me kuma ya same su bayan da ƙofarsu ta buɗe? Darasinmu na wannan wata ke nan. Ku riƙe magana guda tun daga fari: a cikin kurmin nan, wanda ke bin hanya shi ke da ƙasa.

1. INDA ƘASAR TA KE

Ekwador tana Amurka ta Kudu, a kan layin nan da ya raba duniya biyu, arewa da kudu. Saboda haka dare da rana kusan tsawonsu ɗaya ne dukan shekara. In mutum ya tashi daga Kito, babban birnin ƙasar, ya gangara duwatsun Andis ya nufi gabas, sai ya faɗa cikin babban kurmin Amazon. A nan, tsakanin Kogin Napo a arewa da Kogin Kurarai a kudu, nan ne gidan mutanen da ke kiran kansu Waorani, watau "mutane". Maƙwabtansu Kicuwa su kan ce da su Auka, ma'anarsa mutanen jeji marasa-hankali. Sunan zagi ne, kada mu kira su da shi. Harshensu kuwa, masana ba su sami wani harshe a duniya da ya ke ɗan'uwansa ba.

A ƙasar nan babu rani irin wanda mu ka sani. Ruwan da ke sauka a shekara ya kan kai inci 120, ko ya fi, watau ya ninka na Kano sau uku. Itatuwa su kan haɗa kai a sama har rana ba ta taɓa ƙasa sai kaɗan. A wani yanki na kurmin da a ke kira Yasuni, masu-bincike sun ƙirga itatuwa iri fiye da 600 a cikin hekta guda, ita hekta kuwa wajen eka biyu da rabi ce.

Ƙauyen da za mu riƙa dubawa sunansa Tonyampare, a bakin Kogin Kurarai, kusa da yashin da aka kashe 'yan mishan. An sa masa sunan Tonya, wani mai-bi daga cikinsu wanda ya tafi da bishara wurin danginsa na nesa, su ka kashe shi da mashi. Amma kafin mu shiga ƙauyen, sai mu ga yadda iyayensu su ka zauna, gama a dā ba su da ƙauye ko ɗaya.

2. ZAMAN GIDA A DĀ

Cikin 1958 Waorani duka ba su wuce wajen mutum 600 ba, sun rabu ƙungiya huɗu, kowace tana gaba da sauran. Ba su da sarki, ba su da mai-unguwa. Abin da su ke da shi babban ɗaki ne dogo, an rufe shi da ganyen kwakwar daji tun daga sama har ƙasa. A ciki akwai tsoho da matansa, da 'ya'yansa mata da mazajensu, gama a wurinsu ango ne ke tarewa a gidan surukai. Kowace mace da murhunta. Kowa da ragarsa ta kwana, wadda a ke saƙawa da zaren ganyen kwakwa, a rataye tsakanin ginshiƙi biyu. Ba su gina ɗaki a bakin manyan koguna, sai a kan tudu, domin kogi hanyar baƙi ce. Baƙo kuwa, wanda su ke kira kowode, sun gaskata mai-cin mutane ne. Ruwa ba ya tsami banza: a zamanin cinikin roba, daga ƙarshen shekarun 1800 zuwa farkon 1900, masu-neman ƙaron roba sun bi kogunan Amazon suna kama mutanen kurmi bayi.

Babban abincinsu rogo ne da ayaba da nama. Rogon nan da mu ke ci asalinsa daga Amurka ta Kudu ya ke, Turawan Fotugal su ka kawo shi Afirka. Matan Waorani su kan dafa shi, su kirɓa, su tauna kaɗan su mayar ciki, su bar shi ya kwana, sa'an nan su dama da ruwa a sha. Gishiri kuwa ba su san shi ba.

Maza ke farauta. Makaminsu na fari bututu ne na itace, tsawonsa ya kusa ƙafa goma. Mafarauci ya kan sa siririyar kibiya a ciki, ya naɗa mata audugar rimi a gindi, ya shafa wa tsininta dafin da aka dafa daga ɓawon wata kurangar daji. Sai ya hura da baki, kibiya ta tashi ba ƙara, ta sami biri ko tsuntsu a ƙwanƙolin itace. Makami na biyu mashi ne na itacen conta, na aladen daji. Shi ne kuma na mutum. Wani masani mai-suna James Yost, wanda ya zauna da su cikin shekarun 1970, ya bi tarihin dangoginsu har tsara biyar, ya iske cikin kowace mutuwa goma wajen huɗu mashin ɗan'uwa ne. Ramuwa ta haifi ramuwa, har kabilar ta tasam ma ƙarewa.

3. DUKIYAR MUTUMIN KURMI

Yanzu ku lura da kyau. A kurmi ba a gina rumbu. Laima ta kan ruɓar da hatsi, gara da kiyashi su ƙarasa saura. Nama ko an ƙyafe shi, kwana kaɗan ya ke yi. Rogo ma ba a tone shi sai ranar da za a ci, ƙasa ita ce rumbunsa. Tun da ya ke ajiya ba ta yiwuwa, mutum ya kan ajiye abincinsa a cikin cikin 'yan'uwansa. Wanda ya kashe alade yau ya raba wa dukan ɗaki, gobe kuma in ya dawo hannu wofi ba zai kwana da yunwa ba.

Kayan mutum na kansa ba su fi abin da zai iya ɗauka ya gudu da shi da dare ba: raga, bututu, mashi, tukunyar ƙasa, da gatari. Gatarin ma na dutse ne. Su kan tsinci kan gatarin da mutanen dā su ka bari a daji, su ɗaura masa ƙota. Saboda wannan adda ta ƙarfe ta zama abu mai-tamani ƙwarai, har a kan kai hari dominta.

Gona ta wanda ya sare ta ce muddin akwai amfani a cikinta. Ƙasar kurmi ba ta da ƙarfi kamar yadda ido ke gani, gama ƙarfin yana cikin ganyen da ke zuba yana ruɓa. Su kan sare itatuwa su bar su su ruɓe a kan shuka, su ci gonar sau ɗaya ko biyu, su bar ta ta koma kurmi. Kowane gida yana da mazauni biyu ko uku, da gona a kowanne, suna zagayawa.

Akwai abu guda da ke daɗewa, shi ne conta, wata irin kwakwa mai-ƙaya a jiki. 'Ya'yanta su kan nuna a farkon shekara, da nunansu kuma su ke ƙirga shekaru. Inda kaka ya taɓa zama ya zubar da ƙwallonta, nan conta ta kan tsiro. In jika ya iske itatuwan, ya san sunan wanda ya zauna a wurin, ya san kuma yana da iko ya ci, ya gina ɗaki. Ga takardar gadonsu ke nan. Ba a rubuta ta ba, amma kowane yaro yana iya karanta ta.

4. TAFIYA

Abin mamaki, mutanen nan da ke tsakanin koguna ba su san sassaƙa kwalekwale ba sai daga baya, da su ka koya daga Kicuwa. Tafiyarsu duka a ƙasa ce, ba takalmi, suna bin ƙashin tudu. Hanyarsu, baƙo ba zai ce hanya ce ba: reshe ne a karye nan, ganye a juye can. Gadarsu itace guda ne da ya faɗi a kan rafi. Su kan dubi sawu a laka su faɗi sunan mai-shi. In aka iske mashi biyu a gicciye a kan hanya, an ce ke nan, kada ka wuce.

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. A wurinsu haka ta ke ba tare da karin magana ba. Gidan da ya sami rogo da yawa ya kan aika a kira gidajen da ke zaman lafiya da shi, su zo daga tafiyar yini guda ko biyu, a sha, a yi rawa, a ɗaura aure. Hanyar da a ke bi ta kan zauna a buɗe. Wadda aka bari wata kaɗan, kurmi ya haɗiye ta, mutanen da ke ƙarshenta kuma su zama abin tsoro. Iyakar ƙasar mutum ita ce iyakar inda ƙafarsa ta saba zuwa.

Haɗarin tafiya babba ne. Likitocin da su ka bincika su cikin shekarun 1970 sun iske kusan rabinsu maciji ya taɓa saransu. Kogi kuma ya kan cika cikin sa'o'i kaɗan in an yi ruwa a duwatsu, ya janye ya bar kututture da yashi.

5. HANYAR SAMA

Kamfanin mai na Shell ya shiga gefen kurmin cikin 1937, ya share filayen jirgin sama, ya yi shekara goma da 'yan kai yana nema, Waorani su ka kashe masa ma'aikata, a ƙarshe ya tashi. Babban sansaninsa ya zama gari, har yau sunansa Shell. Can ne Nate Saint, matuƙin jirgin mishan, ya zauna.

Shi ya ƙago wata dabara: ya saki doguwar igiya da guga a ƙarshenta, ya yi ta kewaya a sama, gugan ya tsaya cik a tsakiya har ya taɓa ƙasa. Tun daga Oktoba 1955 ya riƙa sauke wa wani gidan Waorani kyautai ta haka, adduna da tukwane. Su ma su ka ɗaura nasu: hular gashin tsuntsu, har da aku mai-rai. Ran 3 ga Janairu 1956 aka soma saukar da mutum biyar a kan yashin Kurarai: Nate Saint, Jim Elliot, Ed McCully, Pete Fleming da Roger Youderian. Daga tashar mishan ta Arahuno zuwa wurin, jirgi minti 15 ya ke yi. Ran 8 ga wata aka kashe su duka. Masu-neman gawarsu sun yi kwanaki a ƙasa da kwalekwale kafin su kai inda jirgi ya kai cikin minti 15.

Abin da jirgi ya kāsa, ƙafa ta yi. Wata mace Dayuma, wadda ta gudu daga kurmi tana yarinya bayan an kashe ubanta, ta koma wurin danginta cikin 1958. A bayanta, cikin Oktoba na shekarar, Rahila Saint, 'yar'uwar Nate, da Alisabatu, matar Jim Elliot, da 'yarta mai-shekara uku, su ka yi tafiyar wajen kwana uku su ka shiga, bisa ga kiran mutanen. Da yawa su ka ba da gaskiya, su ka ajiye mashi. Cikin 1965 biyu daga cikin waɗanda su ka kai harin su ka yi wa 'ya'yan Nate Saint baftisma a Kogin Kurarai. Sabon Alkawari ya fito da harshensu cikin 1992. Rahila ta rasu cikin 1994, kabarinta yana Tonyampare.

Mun gode wa Allah saboda wannan. Amma labarin bai ƙare nan ba, gaskiya kuwa ba a faɗin rabinta.

6. HANYAR MOTA

Cikin 1967 kamfanin Texaco ya sami mai a arewacin kurmin Ekwador. Daga 1968 aka soma tattara sauran ƙungiyoyin Waorani zuwa wuri guda kusa da tashar mishan ta Tiwaeno, waɗansu a ƙasa, waɗansu cikin jirgi mai-saukar-ungulu. 'Yan mishan sun yi nufin su tsirar da su daga mashi da bindigar masu-neman mai. Amma mutanen da su ka saba zama warwatse, da aka cusa su wuri guda, nama ya ƙare, rogo ya kāsa. Cikin 1969 shan-inna ta faɗa musu, ta kashe mutum 16, ta gurgunta waɗansu.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ƙasar da aka kwashe su daga cikinta, sai aka yanka hanyar mota ta tsakiyarta, daga garin Koka zuwa kudu, fiye da mil 60, da bututun mai a gefe. Sunan da aka sa wa hanyar shi ne Hanyar Auka. Talakawa marasa-gona daga kan duwatsu su ka biyo ta, su ka kama wuri dama da hagu. Dokar ƙasa ta 1964 tana tare da su, gama ta lasafta kurmin da ba a sare ba ƙasar banza ce marar-mai-ita, wanda kuma ya sare ya shuka, shi a ke ba takarda. Ku duba wannan al'amari: mutumin da ya kiyaye kurmi tun kakanninsa ba shi da shaida, wanda ya zo jiya da gatari shi ne mai-gona. Ma'aikacin gwamnati bai iya karanta conta ba.

Daga tsakiyar shekarun 1970 Waorani su ka soma watsuwa kuma, suna kafa ƙauyuka. Amma wannan karo a bakin kogi su ka zauna, kusa da filin jirgi da makaranta. Haka Tonyampare ta ke: fili dogo na ciyawa wanda mutanen gari ke sharewa da adda, makaranta, ɗakin sujada, ɗakuna na katako da kwano tare da na ganye. Shekaru da yawa hanyarta ita ce ƙaramin jirgi daga Shell, ko kwalekwale mai-inji. Dukansu biyu kuɗi su ke ci, kuɗin Ekwador kuwa tun 2000 dalar Amurka ce. Mutumin da ubansa bai san gishiri ba, yanzu yana bukatar fetur, harsashi, littafin yaro da kuɗin magani. A shekarun baya-bayan nan an soma yanka hanyar mota daga wajen Arahuno zuwa ƙauyen. Uwar da maciji ya sari ɗanta da dare, sa'an da jirgi ba ya tashi, wa zai ce mata hanya ba ta da amfani? Amma motar da ke fita da marar-lafiya, ita ce ke fita da katako.

7. TAKARDA DA ƘAFA

Cikin 1990 Shugaba Rodrigo Borja ya ba Waorani takardar mallakar fiye da hekta 600,000. Ba ta mutum ɗaya ba ce, ta kabilar ce duka. Amma akwai sharaɗi a ciki: abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, kada kuma su hana aikin mai. An ba su ɗaki, an riƙe daɓen.

Sa'an da gwamnati ta shirya ba kamfanoni wani yanki na lardin Pastaza, inda Tonyampare ta ke, sai mutanen su ka koma ga abin da su ka gāda, watau tafiya. Tsofaffi da samari su ka yi shekaru suna bin tsofaffin hanyoyi. Tsoho ya nuna inda kakansa ya zauna, da contar da ya bari, da kabari, da gurbin kifi, da itacen magani. Saurayi ya rubuta wurin da na'urar da ke karɓar alama daga tauraron ɗan adam. Da haka su ka zana taswirar wajen hekta 180,000. Cikin 2019 ƙauyuka 16 su ka kai ƙara kotu a garin Puyo, wata mace Nemonte Nenquimo tana gaba. Ran 26 ga Afrilu alƙalai su ka yanke cewa shawarar da gwamnati ta ce ta yi da su cikin 2012 ba shawara ba ce bisa ga doka, aka tsai da cinikin. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara, ta sāke faɗuwa. Cikin Agusta 2023 kuma mutanen Ekwador su ka jefa ƙuri'ar raba-gardama, kusan 59 cikin 100 su ka ce a daina haƙar mai a wani yanki na Yasuni. A can cikin kurmin nan akwai dangin Waorani, Tagaeri da Taromenane, waɗanda su ka ƙi fitowa, gwamnati kuma ta keɓe musu yanki tun 1999.

8. ABIN DA ZA MU RIƘE

Na ɗaya, dukiya ba iri ɗaya ba ce a ko'ina. Kada mu ga mutum ba rumbu, ba riga, mu ce ba shi da kome. Wanda ya ce haka, shi ne ke buɗe ƙofar ƙwace.

Na biyu, kowace hanya baki biyu gare ta. Ta kawo bishara da magani, kashe-kashe su ka ragu, kabilar da ta kusa ƙarewa ta kai dubbai. Ta kawo kuma cuta da masu-ƙwacen ƙasa. Wanda ya buɗe wa mutane hanya domin alheri, wajibi ne ya tambayi kansa wa zai biyo bayansa, ya kuma tsaya tare da su sa'an da mai-biyowa ya iso. Kyakkyawan nufi ba ya ɗauke wannan nawaya.

Na uku, gādo ba na tsara ɗaya ba ne. Ku karanta labarin Nabot a Littafin Sarakuna na Fari, sura 21, wanda sarki ya yi masa tayin kuɗi ko gonar da ta fi tasa, ya ƙi, domin gādon kakanninsa ce. Waorani sun riƙe nasu ne domin tsofaffi sun san wuri, samari sun san rubutu, su ka yarda su yi tafiya tare. Da ɗayansu ya raina ɗayan, da ba a zana taswira ba.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Don me mutumin kurmi ba ya gina rumbu? Ina ya ke ajiyarsa?
2. Ta ƙaƙa itacen conta ya zama shaidar gādo?
3. Wace riba da wace hasara tattara mutane a Tiwaeno ta jawo?
4. Dokar 1964, wa ta ba gaskiya, wa ta hana? Don me?
5. Da kai dattijo ne a Tonyampare, aka tambaye ka zancen hanyar mota, me za ka ce wa uwar yaron da maciji ya sara? Me kuma za ka ce wa jikanka?

Ku tattauna waɗannan a taronku na tsakiyar mako, ku kuma tuna da ekklesiyar da ke bakin Kogin Kurarai cikin addu'a.